Yadda za ku yi wa mai taɓin hankali hoton ƙwaƙwalwa a Kano, da yadda za ku fahimci sakamakonsa

Idan saurayi ya fara jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya dage cewa maƙwabta na bibiyarsa, abin da dangi kan fara roƙo da zarar an iso asibiti shi ne a yi masa hoton ƙwaƙwalwa, a ga abin da ya taɓu. Gara ku san wannan tun ba ku fitar da ko sisi ba: babu hoton da ke nuna sikizofireniya, wato ciwon taɓin hankalin da kan zo da irin waɗannan muryoyi da zargi, ko na na'urar MRI ko na CT. Likitan masu taɓin hankali yana gano ciwon ne ta zama da majiyyaci, da jin tarihi daga bakin masu kwana da tashi tare da shi, da duba tsawon lokacin da alamomin suka ɗauka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tana neman a ga alamomin sun kai wata 1, ta likitocin Amurka kuma tana neman a ga matsalar ta kai wata 6. Aikin hoto daban ne. Ana yinsa ne don a tabbatar ba wata cuta ce ta ɓad da kama ta zo a siffar taɓin hankali ba, kamar ƙari, ko taruwar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai, ko kumburin ƙwaƙwalwa, ko tabon da shanyewar ɓarin jiki ta bari.

Wa ya kamata a yi wa

Sikizofireniya tana da yadda ta saba zuwa. Takan fara tsakanin ƙarshen shekarun samartaka zuwa wajen shekara 30, mata kuma sukan ɗan yi jinkiri fiye da maza. Takan shigo a hankali: yaro ya janye daga abokai, karatu ya ja baya, wanka ya zama sai an matsa, barci ya birkice, sannan bayan watanni muryoyi da zargi su bayyana. Mai irin wannan tarihi, wanda hankalinsa na sanin wuri da lokaci bai gushe ba, kuma likita ya duba jijiyoyinsa bai ga komai ba, hotonsa ba na gaggawa ba ne. Idan kuɗin hannunku ba zai ɗauki hoto da magani tare ba, ku sayi magani.

Amma akwai alamomin da idan kun ga ko ɗaya, ku faɗa wa likita da bakinku, kada ku jira sai ya tambaya:

- ciwon ya fara ne bayan shekara 40, kuma bai taɓa yin makamancinsa ba;
- ya rikice cikin 'yan kwanaki, ba watanni ba, ko kuma yana rikicewa yana dawowa a yini guda, ba ya gane inda yake;
- zazzaɓi, sanƙarewar wuya, ko jijjiga irin ta farfaɗiya;
- ciwon kai mai ƙaruwa, musamman da asuba tare da amai, ko gani ya dushe, ko yana ganin abu biyu;
- rauni a hannu ko ƙafa ta gefe guda, karkacewar baki, tangaɗi, ko fitsari ya fara kufce masa;
- gane-gane sun fi jiye-jiye yawa, ko yana jin warin abin da babu;
- ya taɓa buguwa a ka, ko a haɗarin babur ko na a-daidaita-sahu, ko an doke shi;
- yana da sikila, tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki, ko ciwon daji;
- ya sandare, ba magana ba motsi ba cin abinci.

Maganar duka tana buƙatar a tsaya a kanta. Iyalai da yawa kan ji nauyin faɗa wa likita cewa an ɗaure majiyyaci ko an doke shi a wani wurin magani kafin a kawo shi. Ku faɗa. Jinin da ke tsiyaya a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai yana iya ɗaukar makonni kafin ya nuna kansa, musamman ga dattawa, kuma tiyata ke fitar da shi, ba ƙwayar taɓin hankali ba.

Ga wanda ciwon ya kama karon farko ba tare da waɗannan alamomi ba, likitoci sun sha bamban. Wani nazari da ya fito a mujallar JAMA Psychiatry a 2023 ya tattara bincike 12 na masu karon farko, ya gano kusan kashi 26 cikin 100 an ga wani abu a hotonsu na MRI, amma waɗanda abin ya kai ga canza ganewa ko magani kusan kashi 6 ne kawai, wato sai an ɗauki mutum 18 kafin a sami 1. Ra'ayinmu shi ne: mai hali ya yi sau ɗaya a farkon ciwo, marar hali kuma kada ya sayar da kadara dominsa.

Abin da ke gaban hoto

Kada ku fara da ɗakin hoto. Ku fara da asibitin da ke da likitocin wannan fanni, kamar sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, ko asibitin Dawanau. A can za a buɗe kati, a ɗauki tarihi, a rubuta gwaje-gwajen da sun fi hoto araha kuma sau da yawa sun fi shi ba da amsa: ƙidayar jini, sukari, aikin ƙoda da gishirin jini, aikin hanta, sinadarin tairod (ƙullun da ke gaban wuya), gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, na tunjere, na maleriya idan da zazzaɓi, da gwajin ciki ga mace. Sai gwajin fitsari na ƙwayoyi. A Kano wannan na ƙarshe ba abin tsallakewa ba ne. Wiwi, da ƙwayar mayen da ake kira ais, da Exol idan an sha da yawa, duk suna iya kawo jiye-jiye ko gane-gane, Tramol kuma yana kawo jijjiga. Hoton mai shan waɗannan yakan fito lafiya lau, amsar tana cikin kwalbar fitsari.

Takardar neman hoto likita ne zai rubuta, kuma ku duba ya rubuta dalili. Fom ɗin da aka rubuta wa "taɓin hankali" kawai ba ya taimakon likitan hoto. Wanda aka rubuta shekarun majiyyaci, da tsawon ciwon, da abin da ake zargi, shi ke sa a zaɓi irin ɗaukar da ta dace.

CT ko MRI

CT na'urar hasken eksire ce mai kewaya kai. Ɗaukar kanta ba ta kai minti 1 ba, shiga da fita duka minti 5 zuwa 10. Ta ƙware wajen nuna sabon jini, karayar ƙashi, da babban ƙari. Hasken da kai ke sha a ɗauka ɗaya wajen milisibat 2 ne, kusan abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a shekara guda. Ita ce ta gaggawa, ita ce ta wanda ba zai iya kwanciya shiru ba, kuma ta fi araha. Mai ciki ta faɗa kafin ta shiga.

MRI maganaɗisu ce da igiyar rediyo, babu hasken eksire a cikinta. Tana ɗaukar minti 20 zuwa 45, tana da tsada, amma ta fi CT nesa ba kusa ba wajen nuna naman ƙwaƙwalwa: ƙananan tabo, kumburi, da sassan gefen kunne inda farfaɗiya kan samo asali. Idan babu gaggawa kuma majiyyaci zai iya natsuwa, ita za a zaɓa. Yin CT yau don araha sannan a dawo a yi MRI mako mai zuwa biyan kuɗi biyu ne.

Kafin ku ɗauko majiyyaci daga gida, mutum ɗaya ya je ko ya kira wurin ya yi tambaya huɗu. Na'urar tana aiki a wannan makon? Ƙarfinta nawa ne? Ana auna ƙarfin maganaɗisu da tesla. Mai tesla 1.5 ita ce aka fi so don ƙwaƙwalwa, masu 0.2 zuwa 0.5 kuma hotonsu bai kai nata fitowa ba, sai dai yawancinsu a buɗe suke ta gefe, abin da ke sauƙaƙa wa mai tsoron ƙunci. Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da allurar haska hoto da rubuta rahoto, ko daban ake biya? Wa zai karanta hoton, kuma kwana nawa? Mai inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jihar Kano (KSCHMA), ya nemi amincewa tun kafin ranar, don ba a cika ba da ita a tsaye ba.

Ƙarfe

Maganaɗisun babbar na'urar MRI a kunne yake dare da rana, ko ba a ɗaukar kowa, ko an ɗauke wuta. Yana fizgo tukunyar iskar oksijin ko keken marasa lafiya daga nesa da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Don haka duk wanda zai shiga ɗakin, har da mai rakiya, sai an tantance shi.

Abin da ke cikin jiki shi ya fi haɗari, domin yana iya motsawa ko ya yi zafi. Ku sanar idan akwai batirin zuciya, na'urar ji da aka dasa a kunne, maƙalin jijiyar jini da aka sa a tiyatar kai, ƙarfen ɗorin ƙashi, harsashi ko ɓarɓashin bindigar toka. Mai walda, maƙeri, da mai gyaran mota da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa wa ido, a yi masa eksiren ido tukuna. Ɗan ƙaramin ƙarfe a ido yana iya juyawa ya makantar. Majiyyacin da ya rikice ba abin dogaro ba ne a wannan tambaya. Uwa, mata, ko babban wa ya cika fom ɗin, a kuma duba jikinsa ko akwai tabon tiyata.

Na waje kuwa a cire su tun daga gida: zobe, 'yan kunne, sarƙa, agogo, fil ɗin hijabi da na ɗankwali, ribom mai ƙarfe, bel, makulli, waya, katin banki. Laya da guru da kambu su ma a cire, don ba a san abin da aka ɗinke a ciki ba. Ku shaida wa majiyyaci za a riƙe masa a mayar masa da an fito. Kwalli da jagira a wanke su tas, saboda akwai sinadarin ƙarfe a cikinsu da ke ɓata hoton gaban kai, wato daidai wurin da ake son gani. Haƙorin Makka ba ya cika hana ɗauka, amma a faɗa, domin yakan jefa inuwa a hoto. Haƙoran roba masu maƙalin ƙarfe a cire su. Kaya marasa zif da maɓallin ƙarfe sun fi.

Shirya majiyyaci

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Mutumin da ya yi imani ana karanta tunaninsa ko an dasa masa wani abu a ka, za a ce ya kwanta a sa kansa cikin wani keji, a tura shi cikin rami mai ƙara. Idan aka yaudare shi aka ce gaisuwa za a je, to a bakin na'ura zai tubure, kuɗin ya tafi, yardar da ke tsakaninku ma ta tafi. Ku gaya masa gaskiya kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ta bakin wanda ya fi yarda da shi: "Yaya, likita na son ya duba ko akwai rauni ko kumburi a kanka. Na'urar ba ta ganin tunani, ba ta sa komai a jiki. Tana da ƙara sosai. Ina nan kusa da ƙafarka har a gama." Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majiyyaci haƙƙin a yi masa bayani a nemi yardarsa.

Idan ba gaggawa, sau da yawa dabara ita ce a jira mako 2 zuwa 4 bayan fara magani, lokacin da tsoro ya lafa. Ku nemi layin safe, kafin jira da zafin rana su gajiyar da shi. Ya sha maganinsa kamar kullum, ya yi fitsari kafin shiga. Idan maganin yana sa shi rawar hannu, ko motsin baki, ko kasa zama wuri ɗaya, ku gaya wa likitansa tun da wuri ya gyara, domin motsi kaɗan yana dusashe hoto.

Kada ku ba shi maganin barci daga kemis don ya kwanta. Diazepam a kan maganin taɓin hankali, balle a kan kodin ko Tramol da ba ku san ya sha ba, yana iya danne numfashi, kuma a cikin na'ura ba mai ganin fuskarsa sosai. Idan sai an sa shi barci, likita ne zai yi, da na'urar auna iskar jini a yatsa. A nan ne ake daina cin abinci awa 6 kafin lokaci, ruwa zalla kuma awa 2. In ba za a sa barci ba, hoton kai ba ya bukatar zama da yunwa sai in wurin sun ce a yi.

A ciki za a toshe masa kunne, don ƙarar takan wuce desibel 100. Za a ba shi ƙwallon roba ya matsa idan yana son a tsaya. Ɗaukar kashi-kashi ce, kowane minti 2 zuwa 6. Tari da haɗiyar yawu a bari sai ƙara ta tsaya.

Allurar haska hoto ba kowa ake yi wa ba, sai ana zargin ƙari ko ƙwayar cuta. Ta MRI sunanta gadoliniyam, yawancin nau'o'inta ana ba da mililita 0.2 ga kowane kilo, wato mai kilo 60 zai sami mililita 12. Ana son sakamakon gwajin ƙoda tukuna, kuma idan ma'aunin tacewar ƙoda ya gaza 30 sai likitoci sun sake shawara. Ana kauce mata ga mai ciki. Ta CT mai aidin ce. Mai asma, mai shan maganin sukari na metformin, da wanda allurar ta taɓa yi wa borin jini su faɗa.

Karanta sakamako

Ku karɓi abu biyu: rahoton da likitan hoto ya sa wa hannu, da faifan da hotunan ke ciki. Ku kai wa likitan da ya aiko ku, ba mai kemis ko ɗan uwa ma'aikacin asibiti ba.

Mafi yawan rahotanni za su ce ba a ga komai ba. A nan iyalai kan yi kuskuren da ya fi kowanne tsada: su ce tunda asibiti ba su ga komai ba, ashe iska ce ko sammu, sai a ajiye magani. Hoto mai kyau shi ne abin da ake sa ran gani ga mai sikizofireniya. Hoton gida daga sama zai nuna ɗakuna da katanga, ba zai nuna zancen da ake yi a ciki ba. Addu'a ba ta hana shan magani, kuma yawancin waɗanda suka daina bayan karon farko ciwon yakan dawo musu cikin shekara 1 zuwa 2.

To me ya sa ake jin cewa masana sun ga ciwon a hoto? Sun ga bambanci, amma tsakanin taro da taro. A 1976 Eve Johnstone da Tim Crow a asibitin Northwick Park na Landan suka nuna da CT cewa ramukan ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa sun fi faɗi ga waɗanda suka daɗe da ciwon. A 1990 masu bincike a Amurka suka ɗauki tagwaye masu kama ɗaya guda 15 waɗanda ɗaya ke da ciwon ɗaya ba shi da shi, suka ga a mafi yawansu mai ciwon ya fi faɗin ramukan, kuma hifokamfus ɗinsa, sashen da ke riƙe tunawa, ya fi ƙanƙanta. Haɗakar masu binciken hoton ƙwaƙwalwa mai suna ENIGMA ta kwatanta majiyyata 2,028 da lafiyayyu 2,540 a 2016 ta tabbatar da haka, a 2018 kuma da majiyyata 4,474 da lafiyayyu 5,098 ta nuna ɓawon ƙwaƙwalwa ya ɗan fi siranta, musamman ta goshi da gefen kunne. Sai dai bambancin kaɗan ne, kuma ma'aunan sun shiga juna: akwai lafiyayyu da yawa masu faffaɗan rami, akwai majiyyata da yawa masu daidaitacce. Shi ya sa ba a iya ɗaga hoton mutum ɗaya a ce ga ciwon. Yawancin waɗanda aka auna ɗin ma 'yan Turai ne da Amurka da gabashin Asiya.

Don haka idan rahoto ya ce ramukan ruwa sun ɗan faɗaɗa, ko ƙwaƙwalwa ta ɗan motse, kada a ɗauka an gama da mutum. Shekaru, giya, da tsohuwar buguwa duk suna kawo haka. 'Yan fararen ɗigo-ɗigo sun zama ruwan dare ga mai hawan jini, mai sukari, da mai ciwon ɓarin kai. Abin yi shi ne a kula da hawan jinin. Ƙaramar jakar ruwa da aka haifi mutum da ita, ko kumburin kogon hanci, galibi ba su da alaƙa da muryoyin. Waɗanda ke sa a tashi tsaye su ne ƙari, taruwar jini, ƙurji, ruwa mai danne ƙwaƙwalwa, da alamar kumburi. Nan za a tura ku wurin likitan jijiyoyi ko na tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma kada a kwana.

Akwai kuma tarko ta ɗaya gefen. Wata cutar kumburin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ke haddasawa, wadda likita Josep Dalmau ya bayyana a 2007, takan kama matasa, musamman mata, ta fara kamar taɓin hankali cikin kwanaki ko makonni, sannan jijjiga da motsin baki da rashin magana su biyo baya. MRI na wajen rabin masu ita ko fiye yakan fito lafiya. Idan alamomin haɗari na nan amma hoto ya ce ba komai, ku tambayi likita batun gwajin EEG, mai auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, da ɗibar ruwan ƙashin baya.

Abin da binciken hoto ya koyar da mai jinya

Na'urorin da ke nuna aikin ƙwaƙwalwa, irin su PET da fMRI, na bincike ne, ba a gano sikizofireniya da su a ko'ina a duniya, don haka kada wani ya sa ku haɗa kuɗin zuwa Indiya ko Masar dominsu. Amma abin da suka gano yana da amfani a gida. A 1993 Philip McGuire da abokan aikinsa a Landan suka nuna jini na ƙaruwa a sashen harhaɗa magana a daidai lokacin da majiyyaci ke jin muryoyi, a 1999 kuma wani bincike a Jamus ya ga sashen ji da kansa yana aiki a lokacin. Ma'ana, da gaske yake ji. Cewa "ƙarya kake" ba ya kai ko'ina, abin da ya fi shi ne "ni ban ji ba, amma na san kai kana ji, me take ce maka?" Amsar tana da muhimmanci, domin muryar da ke umartar mutum ya cutar da kansa ko wani dalilin komawa asibiti ne a ranar.

Tun daga 1996 hotuna suka nuna sinadarin dofamin, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, yana fita fiye da kima a can cikin ƙwaƙwalwar masu ciwon, kuma magunguna irin su haloperidol da risperidone da olanzapine suna aiki ne ta toshe mashigarsa. Binciken Shitij Kapur a Toronto a 2000 ya nuna sauƙi kan samu idan an toshe wajen kashi 65 cikin 100, idan kuma aka haura kashi 78 sai sanƙarewa da rawar jiki su shigo. Tazarar ƙarama ce. Ninka ƙwaya a gida don a ga sauƙi da wuri ba ya ƙara komai sai dalalar da yawu da taurin wuya, waɗanda su ne ke sa majiyyaci ya tsani maganin. Wannan kuma ya bayyana dalilin da muryoyi kan lafa amma mutuwar jiki da rashin son shiga mutane su saura: su ba yawan dofamin ne ke kawo su ba, sun fi bukatar sana'a, hira, da komawa harkokin gida a hankali. Wanda aka gwada masa magani iri 2, kowanne aƙalla mako 6 a cikakken awo, bai samu sauƙi ba, a tattauna batun maganin clozapine da likita, tare da gwajin jinin da yake bukata a kai a kai.

Hoto ɗaya ya isa. Ba a maimaita shi don a ga ko magani na aiki, kuma dawowar ciwon da irin alamominsa na da ba dalilin sabon hoto ba ne. Ku adana faifan da rahoton tare da katin asibiti, nesa da rana da zafi, ku ɗauki rahoton a waya. Za a sake ɗauka ne idan sabon abu ya shigo: jijjiga, rauni a gefe guda, buguwa a ka, mantuwa mai saurin ƙaruwa, ko ciwon kai irin wanda bai taɓa yi ba. A ranar ku tafi da tsohon faifan, domin likitan hoto ya kwatanta.